Surukin Da Ya Durƙusa a Layi

Ruƙayyatu na zaune a tsakar gidan iyayenta tana yanka tumatirin shanya, ciki ya yi mata nauyi har sai da ta miƙe ƙafafu. Goyon ciki ta zo, na haihuwar fari. Tun safe wuƙar ke zame mata, domin ranar ce ake zaɓen fidda gwani na sanata a Kura, a ƙarshen shekarar 2006.

Mutum biyu ke neman tikitin jam'iyya, Injiniya da Barista. Mahaifinta Alhaji Datti shi ne jigon Injiniya a mazaɓarsu. Mijinta Mudassiru kuwa daliget ne, kuma mahaifinsa Malam Ibrahimu ya sa shi ya dafa Alƙur'ani a kan Barista zai bi. Zaɓen kuma ƙato bayan ƙato ne, kowa ya yi layi a bayan fostar gwaninsa, ido na ganin ido.

"Ajiye wuƙar nan kafin ki raba kanki da yatsa," in ji mahaifiyarta Kulu. "Ki yi ta salati kawai."

Bayan la'asar sai ga yayanta Lukmanu ya faɗo gidan, hula a hannu.

"Inna! Mun ci firamare, amma wallahi mijin yarinyar nan ya gama da mu!"

"Yaya, me ya yi?" Ruƙayyatu ta tambaya.

"Baba ne ejan ɗinmu, yana bin masu ƙirga a layin Barista don kada a yi mana aringizo. Suna isowa kan Mudassiru, sai gogan ya tuɓe takalmi ya durƙusa, wai barka da rana Baba! Mutanensa na ta ihu, tashi, tashi! Ya ƙi ɗagowa sai da Baba ya wuce. Mai ƙirga kuwa kan da ke tsaye yake taɓawa, ya tsallake shi. Su suna cewa an saye shi, namu kuma suna yi wa Baba dariya, wai Alhaji ko surukinka ba ka iya kawowa ba!"

Bai rufe baki ba Alhaji Datti ya shigo, fuska a murtuke. Ruƙayyatu ta lallaɓa ta durƙusa.

"Baba, ai girmama ka ya yi..."

"Girmamawa? In girmamawa ce, ai da layina ya shigo! Ya tara mini idon jama'a, kowa ya ga inda ya tsaya. To ki ji, kin zo gida ke nan. Babu inda za ki koma!"

"Alhaji, rantsuwa fa yaron nan ya yi," in ji Kulu a hankali.

"Ya je rantsuwar ta ba shi mata!"

Ruƙayyatu ta kifa kai a cinyar mahaifiyarta, kuka ya ƙwace mata.

Ta haifi ɗa namiji. Ranar suna tabarmin ƙofar gida rabinsu babu kowa, domin ko mutum ɗaya bai zo daga gidan Malam Ibrahimu ba. Ragon da Mudassiru ya aiko, Alhaji ya sa aka mayar. Aka yi arba'in, babu wanda ya yi zancen komawa.

Ranar da ta kai jaririn allurar rigakafi a Kura ta hango mijinta a gindin darbejiya, ya rame, ƙafafunsa duk faso.

"Ruƙayya," ya ce, idonsa a kan goyon. "Juyo mini shi in gani."

Ta juya masa baya ya leƙa, hawaye ya zubo masa.

"Babana ya ce ke kika shanye ni, don ke na durƙusa. Ya ce ko in sake ki ko in bar masa gonar noman rani ta bakin kanal. Na bar masa. Yanzu lodin kwandunan tumatir nake yi a kasuwar Kwanar Gafan."

"Innalillahi! Mudassiru, me ya sa ba ka tsaya ba? Ƙiftawar ido fa kawai!"

"In tsaya ƙerere a kan mahaifinki? Wallahi ban ma yi shawara ba, gwiwata ce ta riga ni. Kuma ba zan shiga layinsa da rantsuwa a wuyana ba. Ke dai faɗa mini, za ki iya jira?"

"Ina zan je? Amma na gaji, wallahi na gaji."

"Sori," ya ce. Ta hango wata maƙwabciyarsu na tahowa, ta ja mayafi ta wuce da sauri.

Ba a daɗe ba labari ya zo cewa manyan jam'iyya sun soke sakamakon, sun ba wani attajiri tikitin, wanda ko fostarsa ba a gani ba ranar layi. Injiniya da Barista suka ɗaga hannunsa tare. Ruƙayyatu ta zaci wahala ta ƙare. Ina! Alhaji ya ce shi ba don Injiniya yake fushi ba, don mutuncinsa ne. Malam Ibrahimu ma ya ce haka. Aka girbe alkama, aka yi babban zaɓe, damina ta sauka aka dasa shinkafa. Ruƙayyatu ta bushe kamar kara, nono ya ragu, ba ta da abokin magana sai sallaya. Zawarawa har sun fara aike, alhali igiyar aurenta na nan.

Wata ranar Juma'a da hantsi, Alhaji na shan koko da rediyo a gefensa, aka karanta sanarwar ɗaurin aure: ɗan Barista zai auri 'yar Injiniya, ana gayyatar ɗaukacin magoya baya.

Kulu ta ajiye tsintsiya.

"Ka ji, Alhaji? Su sun ƙulla na 'ya'yansu. Kai kuma dubi taka."

Ya ɗaga kai. Ruƙayyatu na bakin murhu tana hura wuta, ƙasusuwan wuyanta a waje, zani na neman zamewa daga ƙugunta. Ya daɗe yana kallonta kamar yau ya fara ganinta. Ya kashe rediyon.

"Ki ce ta haɗa kayanta," ya ce. "Allah Ya yafe mana."

Ba gidan da ta baro ta koma ba. Malam Ibrahimu ya riga ya ba wani gonar, kuma bai sauko ba. Ɗakin haya ne a Garun Mallam, da tabarma da risho. Mudassiru ya tare su a ƙofa yana dariya yana share ido, ya miƙa hannu zai ɗauki ɗansa, wanda har ya fara rarrafe. Yaron ya dube shi, ya tsandara ihu, ya ƙanƙame uwarsa.

"Bai san ni ba," in ji Mudassiru.

"Zai sani," ta ce. "Zauna kusa, kada ka matsa masa."

Haƙurinsu ya tsare musu aurensu, Allah kuma ba Ya tozarta mai haƙuri. Amma iyaye, mu ji tsoron Allah. 'Yan takara suna ɓatawa da safe su shirya da yamma, watannin da muka ƙwace wa 'ya'yanmu kuwa babu mai mayar musu.