Man Gyaɗa a Kan Dandamalin Makaranta

A wata makarantar firamare a Kafanchan akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ta iya rawa, kuma ta san ta iya. Ko gishiri aka aike ta saye, da rawa take tafiya.

Zauren taron makarantarsu yana da dandamali na katako. Wani tsohon kafinta, Baba Azariya, shi ya kafa shi tun da daɗewa. Idan aka buga ƙafa a kai, sai ka ji dim-dim kamar ganga. Sauran makarantun unguwar duk siminti gare su. Shi ya sa ɗaliban nan ba sa gajiya da cika baki.

Ran Asabar za a yi bikin ba da kyaututtuka. 'Yan aji biyar za su yi rawar gargajiya, kuma yarinyar ce a gaba.

Ran Litinin ta ɗauko kwalbar man gyaɗa daga kicin ɗin mamarta. Masu rawa kan shafa mai a hannu da ƙafa don su yi sheƙi. Ta riga kowa shiga zauren, ta zauna a kan dandamali tana shafawa. Sai ta miƙe ta gwada juyi ɗaya. Ƙafarta ta ture kwalbar, mai ya malale.

Ta ga ɓarnar da ta yi. Amma ta ce a ranta, "Wannan ai ƙaramin aiki ne." A gida ita ce mai wanke daɓen siminti. Ta ruga ta ɗebo ruwa a bokiti, ta zuba omo, ta kwarara a kan katakon. Ta yi ta dirza da tsintsiya. Daga nan ta share ruwan ta fice, ba ta gaya wa kowa ba.

Washegari aka taru don gwajin rawa. Tabon mai ya yi baƙi, ya bazu ya kai faɗin tabarma. Bakin katakon ya kumbura. Ana fara kiɗa, ƙawarta Afiniki ta zame ta faɗi tim. Gwiwarta ta kuje, ta fashe da kuka.

Malamar ajinsu, Malama Joanna, ta ɗaga ta. "Wa ya yi wannan aiki?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"To, babu rawa ran Asabar. Ba zan bar 'yar wani ta karye a nan ba."

Yarinyar ta koma gida jiki a sanyaye. Ko abincin rana ba ta taɓa ba.

"Ke, lafiya?" in ji mamarta. "Yau babu rawa a tsakar gida? Kuma ina man gyaɗana ya shiga?"

Nan ta kasa riƙewa. Ta faɗi komai tana hawaye.

Mama ta riƙe baki. "Kai, yarinyar nan! Katako kin wanke kamar siminti? Gobe ki je ki gaya wa Malama da bakinki. Ki roƙi Afiniki gafara kuma."

Da safe ta tsaya gaban aji.

"Malama, ni ce. Na zubar da mai, na wanke da ruwa. Afiniki, ki gafarta mini."

"Kin yi kuskure," in ji Malama, "amma na ji daɗi da kin faɗi gaskiya. Bari mu kira mai dandamalin."

Baba Azariya ya zo da sandarsa. Ya durƙusa, ya shafa katakon da tafin hannu.

"Jikata, mai ɗin da sauƙi. Ruwan nan ne ya ba ni haushi. Katako yana shan ruwa, ya kumbura, mai kuma ya ƙara shiga ciki. Ku buɗe windo duka. Ke kuma je ki kawo garin rogo, mudu biyu."

Afiniki ta ce, "Baba, tuwo za mu tuƙa wa dandamali?"

Kowa ya yi dariya, har Malama.

Da katakon ya sha iska, yarinyar ta barbaɗa garin da kauri a kan tabon. Washegari garin ya yi ɗanye-ɗanye, ya tsotse mai. Ta share, ta sake zubawa. Sau uku ta yi haka.

Ran Juma'a Baba ya goge wurin da ya kumbura har ya daidaita. Ya ba ta jiƙaƙƙen tsumma da ɗan sabulu. "Matse shi sosai, kada ya ɗiga. Ki bi layin katako." Sannan ya ciro dunƙulen kakin zuma daga aljihu. Ta shafa kaɗan-kaɗan, ta yi ta gogewa har kafaɗunta suka yi tsami. Baba ya hau, ya taka nan, ya taka can. Babu santsi.

"Malama," in ji shi, "a buga ganga."

Ran Asabar zauren ya cika. Iyaye sun zo har daga Manchok da Godogodo. Dandamali yana ta ƙyalli. Yarinyar ta fito a gaba, Afiniki na biye da ita. Suka yi rawa har mata suka rangaɗa guɗa.

Da aka gama, wani baƙo ya ce wa Baba Azariya, "Baba, aikinka bai tsufa ba."

Baba ya kamo hannun yarinyar ya ɗaga sama. "Ni na kafa shi. Amma wannan ce ta gyara shi."

Daɗi ya cika ta. Ta fi alfahari da maganar nan a kan duk tafin da aka yi mata.

Yara, idan kun yi kuskure, ku faɗa da wuri. Kafin ku ce za ku gyara abu, ku tambayi wanda ya sani.