Bahaguwa da Alƙalin Layi

Ranar da suka fara haɗa ido, harara ce ta shiga tsakaninsu. Wasan ƙarshe ne na gasar tanis ta mata, tana cikin fili da raket a hannun hagu, shi kuma alƙalin layi ne a can ɗaya gefen. Ta daki ƙwallo, ya miƙa hannu ya ce ƙwallon ta fita daga layi. Da haka kofin ya kuɓuce mata.

Da aka tashi ta tare shi a ƙofa da niyyar wanke shi tas. Bawan Allah ya ce ƙwallo dai ta fita, amma tun da yake bai taɓa ganin hagu mai kyan nata ba. Ka ji mutum! Faɗan ya ƙare da musayar lamba.

Yana kiranta Bahaguwa, tana kiransa Alƙalina. Lokaci ne mai daɗi. Bayan wasa sukan zauna a benci, takalmanta cike da jar ƙasa, yana zuba mata surutu har ta manta gajiya.

Mahaifinta, wanda shi ne kocinta tun tana ƙarama, da ya ji zancen aure ya ce sam. A ganinsa duk wanda ya aure ta zai raba ta da fili, kuma bai sha rana shekara da shekaru yana jefa mata ƙwallo don ta ajiye raket ba. Ita kuwa da filin da Alƙalin, duka biyun take so.

Kwatsam Alƙali ya daina bayyana a wasanninta. Ƙarin haushi, aka ce kullum yana filin da babbar abokiyar karawarta take wasa. Ta sha kuka, sannan ta tura masa saƙo:

"Idan ka samu wadda ta fi ni, ai sai ka faɗa."

Amsa ta zo: "Bahaguwata, doka ta hana alƙali tsayawa a wasan wadda yake so. Na gaya wa shugabanninmu ke nake so, suka cire ni daga wasanninki. Kunya ta hana ni faɗa miki kafin in ga Baba. Gara in matsa da a ce don ni kike ci."

Ta san abin da ya sayo wa kansa. Burin kowane alƙali ya tsaya a wasan ƙarshe, shi kuwa ya yi sallama da wannan muddin tana kaiwa can.

Ta miƙa wa mahaifinta wayar. Ya karanta, ya mayar mata.

"Wanda ya bar fili dominki ba zai fitar da ke daga cikinsa ba," in ji shi. "Ki ce ya turo manyansa."

Aka ɗaura aure bayan rufe kakar wasa. Ranar kai amarya tsohon ya riƙe hannun ango ya sa musu albarka, sannan ya ƙara da cewa atisaye da sassafe ne, kada ya bari ta makara.

Bai taɓa bari ba, har ranar da ita da bakinta ta ce ya isa, ta ajiye raket.