Sunan da Rediyo Ta Laƙaba wa Marainiya

Rana tana tsaka, ta ƙwalle kamar za ta narka ƙasa, amma marainiyar tana durƙushe a bakin famfon ɗakin kwanan ɗalibai mata, tana cuɗa tulin kayan da ba nata ba. Da hannu ɗaya take wankin, na dama, ɗayan kuwa yana naɗe cikin hijabi kamar kullum, sai dai ta danne tufa da gwiwa ta murza. Kayan na 'yar baffanta ne, wadda ɗalibai ke kira Gimbiya saboda ƙasaita da taƙama. Tun da iyayen yarinyar suka rasu, baffan ya ɗauke ta, ya sa ta jami'a tare da 'yarsa, Gimbiya kuwa ta mayar da ita baiwa.

Daga saman bene wata murya ta ƙwala, "Rumbu! A tsakura mana makami mana, jarabawa ta ƙarato!" Sai dariya ta kaure ta ko'ina. Marainiyar ba ta ɗago ba, hawayenta dai suka ɗiga cikin kumfa.

A cikin masu dariyar akwai Rediyo, abokiyar ɗakinta, ita ce kuma ta ƙirƙiro sunan. Rediyo ba muguwa ba ce, baki ne da ita wanda ba ya hutawa, shi ya sa aka sa mata haka. A jami'ar nan kowa da laƙabinsa, kowane abu da sunansa. Sababbin ɗalibai su ne ɗanyen kaya, mai yawan karatu ƙwaro, wanda ya faɗi darasi an ce ya ɗauki dakon kaya, 'yar takardar satar amsa kuwa ita ce makami. Rabin sunayen nan daga bakin Rediyo suka fito. Wata rana ta ga yarinyar ta cinye gwaji kaf, ta dubi hannun nan da ba a taɓa gani ba, ta ce cikin raha, "Wallahi wannan hijabin rumbun makamai ne!" Kafin a tashi lakca sunan ya zagaye aji, Gimbiya ce kuma ta fi kowa yayata shi, domin zuciyarta na tafasa duk lokacin da baffa ya yabi makin marainiya ya yi shiru a kan nata.

Tun daga nan rayuwa ta yi wa yarinyar ƙunci. In ta zauna a aji sai a janye littattafai, in ta amsa tambaya sai a yi tari ana cewa, "Rumbu ya buɗe!" Har malamai suka fara yi mata kallon tuhuma. Sau da yawa Rediyo takan shigo ɗaki ta tarar da ita a kan sallaya tana kuka ƙasa-ƙasa, sai wani abu ya soki ƙirjinta, amma ta ce wa kanta ai wasa ne, zai wuce...

Bai wuce ba. Ranar babbar jarabawa, malamin da ake kira Ba-Sani-Ba-Sabo ne ke tsaro. Rediyo na zaune a layin baya, ta ga Gimbiya tana kwafa daga wata 'yar takarda, ta kuma ga lokacin da malamin ya nufo su, Gimbiya ta dunƙule ta, ta shure ta da ƙafa zuwa ƙarƙashin kujerar ƙanwarta. Malamin ya sunkuya ya ɗauka.

"Ta wace ce wannan?"

"Malam, ai kowa ya san ta Rumbu ce," in ji Gimbiya, ko idonta bai ƙifta ba.

"Yaya!" marainiyar ta miƙe. "Yaya, ki ji tsoron Allah! Malam, wallahi ban taɓa ganinta ba!"

"Ashe ke ce Rumbun da nake ji! Ai ba a banza aka sa miki sunan ba. Fita!"

Aka fizge takardarta, aka tasa ƙeyarta waje tana waiwaye, tana neman wanda zai ce uffan. Idonta ya sauka kan Rediyo. Rediyo kuwa, mai bakin da ba ya gajiya, ta sunkuyar da kai. Tana da dalili: a zangon baya ita ma ta taɓa karɓar makami daga hannun Gimbiya. Suna fitowa Gimbiya ta riƙo mayafinta ta raɗa mata, "In kika buɗe baki, tare za mu nutse."

Aka dakatar da marainiyar kafin zaman kwamitin ladabtarwa. Baffa ya zo da kansa, a gaban jama'a ya jefar mata da jaka daga mota. "Kin zubar mini da mutunci! Na riƙe ki amana, ki saka mini da sata? Kada na ƙara ganin ƙafarki a gidana!" Ta rungumi ƙafarsa tana cewa, "Baffa, ka saurare ni, don darajar mahaifina..." Ya fizge, ya ja motarsa.

Rediyo ta kasa ci, ta kasa barci. Duk sanda ta kalli gadon marainiyar da aka naɗe katifarsa sai ta kau da kai. Da ta kasa jurewa ta bi sawu, har ta gano cewa wata dattijuwa mai shara a makarantar ce ta ba yarinyar wurin kwana. Ta tarar da ita kwance a wani ɗan ɗaki, zazzaɓi ya kayar da ita, dattijuwar na goga mata ruwa. Hijabin na gefe. A karon farko Rediyo ta ga hannun: fatar ta tattare tun daga kafaɗa, yatsu sun manne da juna.

"Gobara ce," in ji dattijuwar a hankali. "Da shi ta yi ta jan mahaifiyarta daga cikin wuta, Allah bai nufa ba."

Rediyo ta durƙusa a gefenta. Innalillahi! Hannun da ta mayar abin dariya ke nan! Ta fashe da kuka. "Ni na jawo miki... ni na sa sunan, kuma na ga komai ranar, na yi shiru!"

Marainiyar ta buɗe ido da ƙyar. "Na san kin gani. Ban riƙe ki ba, 'yar'uwa. Na bar wa Allah, Shi ma ai Ya gani."

Da zaginta ta yi, da ya fi wa Rediyo sauƙi.

Ranar zaman kwamiti, baffa na zaune fuska a murtuke, Gimbiya ta gama rantse-rantsenta har da hawaye, marainiyar na gefe, ana shirin yanke mata hukuncin kora, sai Rediyo ta turo ƙofa. Ta faɗi yadda sunan ya samo asali, da abin da idonta ya gani, ba ta ɓoye nata laifin na baya ba.

"Ƙarya take yi! Rediyo ce fa, wa ke ɗaukar maganarta?" Gimbiya ta daka tsawa.

Shugabar kwamitin ta sa aka ɗauko takardun amsar 'yan'uwan biyu, aka jera su da makamin. Akwai wani kuskure a cikin makamin, sai ga shi kalma da kalma a takardar Gimbiya, marainiya kuwa daidai ta rubuta. Gumi ya karyo wa Gimbiya. Ba-Sani-Ba-Sabo ya cire tabarau, ya ce, "Yarinya, na hukunta ki da suna ba da hujja ba. Ki yafe mini."

Nan take aka kori Gimbiya, ta fita tana rufe fuska, ƙawayenta duk suka dare. Rediyo aka dakatar da ita zango guda, ta karɓa tana godiya. Baffa kuwa, babban mutum, sai ga shi durƙushe gaban 'yar ƙaninsa, hawaye na bin gemunsa. "Da wane ido zan kalli mahaifinki gobe ƙiyama?" Ta kama shi ta ɗaga tana kuka. "Tashi, Baffa, ba ni da uban da ya wuce ka."

Aka ba ta damar sake jarabawar, ta fi kowa a sashensu, har jami'a ta ɗauki nauyin sauran karatunta. Ranar da Rediyo ta dawo daga dakatarwa, ta tsaya a bakin ƙofar makaranta da akwatinta, kunya ta hana ta shiga, tana tunanin neman wani ɗakin. Sai ta ji an riƙo hannun akwatin. Marainiyar ce, fuskarta cike da murmushi.

"Tun safe nake jiranki. Na hana a ba kowa gadonki... Zo mu je, ɗakin ya yi shiru da yawa."