Watan da Bai Shiga Hoto Ba

Ran Sufeto Istifanus a ɓace ya isa Ƙofar Wambai, don ya tarar da matasa sun yi wa mai ƙara zobe kamar shi ne ɓarawon.

Mai ƙarar Mudathir ne, mai ɗaukar hoto. Ya daɗe yana lissafin ranar nan ɗaya tak a shekara da cikakken wata zai ɓullo daidai bayan wani dutse can wajen Inkil, ya gano daga saman benen Inna Bintu kaɗai za a kama shi. Jiya ya kafa kyamara, ya sauka sallar magariba, ya dawo ya tarar babu ita. Yanzu unguwa na cewa matan mutane yake leƙe.

"Ka aika wa maƙwabta cewa za ka hau sama?" in ji Sufeto.

"Na manta, Yallaɓai."

"Ka manta. Ka iya lissafin wata, ka kasa sallama da maƙwabci."

Suka hau benen tare da Inna Bintu. Daga kusurwar da aka kafa kyamarar ana hango tsakar gidan Malam Bakari tar, ba hayaƙi, ba shanya. A jikin katanga ta ɓangaren gidan ga sabon shatin tsani.

"Ina matar gidan nan, Inna?" in ji Sufeto, yana nuna gidan Bakari.

"Juwairiyya? Jiya ta tafi gidan iyayenta tana kuka. Wai ita ta ba yaron nan fuska."

Aka kira Bakari, ya zo yana huci.

"Ina masallaci lokacin. Ban taɓa taka benen nan ba. Amma ku tambaye shi, me ya sa ya ɗaure ƙafar abin da igiya a jikin indararo, daidai kan gidana?"

"Igiyar tana bayan katanga, Malam. Daga ƙasa ba a ganinta," in ji Sufeto.

Ya yafito kofur ɗin da suka zo tare. Da kofur ya shiga gidan Bakari, a cikin buhun masara ya zaro kyamarar.

"Ni na ɗauka," in ji Bakari, murya ta yi ƙasa. "Kullum in ga kansa a sama. Zuciya ce ta ɗebe ni."

"Ka duba hotunan?"

"Na duba."

"Me ka gani?"

"Dutse. Dutse kawai."

"Yaushe ka duba?"

"Kafin in kore ta."

Sufeto ya daɗe a aikin nan, amma bai taɓa jin hannunsa na ƙaiƙayin mari irin na yau ba. Ya tura shi cikin aljihu.

"Wato ka san ba ta da laifi."

"Na riga na tara mata jama'a, Yallaɓai. Da wane baki zan janye?"

"Da wannan da ka tara su. Kofur, sa masa ankwa. Ta ƙofar gidan surukansa za mu bi."

Mudathir ya rungume kyamararsa, ya dubi gabas. Sai baɗi kuma.