Asusun Hajja Shatu

Ranar wata Juma'a ce ta shekarar 2014, da hantsi, Sufeto Abdulwadud ya zauna ke nan zai kurɓi shayinsa, sai wayar ofis ta yi ƙara. An fasa ɗakin ajiya a unguwar Mansur, an ɗauke kofi.

Shi Abdulwadud haifaffen Makka ne. Kakansa ya taho da ƙafa ta Sudan. Hausarsa tana nan daram, sai dai takan yi tuntuɓe da Larabci. Saboda haka duk wata rigima ta Hausawa shi ake turawa, su kuma ba ruwansu da sunan muƙaminsa na Larabci, Sufeto kawai suke ce masa.

Ya iske Hajja Shatu zaune a ƙofar ɗakin, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya, ga kwaɗo a karye a gabanta.

"Hajja, ina kwana. Me aka ɗauka?"

"Kofin Alhaji, ɗana. Na tafi Harami sallar asuba, na tsaya ɗawafi, dawowar da zan yi na tarar da wannan."

Sufeto ya leƙa. Ga keken ɗinki sabo fil, ga kwalaben turare masu tsada jere a kan kanta. Can gefe ga asusu biyu na yumɓu, an toshe bakinsu da kakin zuma, ɗaya an rubuta masa Ja'afaru, ɗaya Awwal.

"Kofin na azurfa ne?"

Hajja ta yi dariya duk da ɓacin ranta. "Azurfa a ina? Gwangwani ne. Ko kuɗin wannan kwaɗon bai kai ba."

Sufeto ya rubuta a littafinsa. Ɓarawon da zai tsallake keke da turare ya rungumi gwangwani, ai da walakin.

Da ya nemi jin tarihin kofin, Hajja ta gyara zama, don dama abin nema ne ya samu. Mijinta, marigayi Alhaji Mukhtaru tela, shi ya kafa shi a 1986. Ya ga ɗaliban kwalejoji, 'yan Najeriya da Nijar da Cadi da haifaffun nan, suna buga ƙwallo kowace shekara ba mai ce musu sannu. Sai ya sayi kofi, ya ce na gwarzon ɗan wasa ne. Masu zaɓe ashirin da bakwai ne bana: kyaftin takwas, koci takwas, da tsofaffin gwaraza goma sha ɗaya. Alhaji bai yarda da takarda ba, wai takarda tana da baki biyu. Kowane mai zaɓe zai shiga bayan labule shi kaɗai, ya buɗe faifan da Hajja ta rufe dabino da shi, ya ci ɗaya, ya jefa ƙwallon dabinon a asusun ɗan takarar da yake so. Jiya Alhamis aka yi zaɓen. Yau bayan la'asar za a fasa asusun a filin wasa na Rusaifa.

Ana cikin haka wani matashi mai farar jallabiya ya faka mota, ya shigo da sauri. Nasir ke nan, sakataren kwamitin kofin, bana aka naɗa shi.

"Yallaɓai, ba na son ɓata sunan kowa, wallahi. Amma da zan wuce da safe na ga Ja'afaru a bakin lungun nan da jaka."

"Ƙarfe nawa?"

"Wajen shida da rabi."

"Awwal ɗin nan na jikin asusu, mene ne naka?"

Nasir ya ɗan kau da kai. "Ƙanena ne. Amma wannan ba ruwansa da abin da idona ya gani."

"Ɗayyib, to na ji," in ji Sufeto.

Kafin ya isa Aziziyya, labari ya riga shi. Ya iske ɗalibai cirko-cirko a ƙofar masaukinsu, shi kuwa Ja'afaru yana zaune a bakin gado kamar an zare masa laka. Dogo ne siriri, ɗan Argungu, shekararsa ta ƙarshe a karatun hadisi, ya ci ƙwallo goma sha huɗu a kakar bana. Shugaban masaukin ya riga ya faɗa masa gaskiya: in aka rubuta masa sata, gurbin karatu ya tafi, iƙama, wato takardar zama, ta tafi, sai jirgin gida, ba kofi ba shahadar karatu.

"Ina kake da ƙarfe shida da rabi?"

"Ina nan ɗaki, Yallaɓai. Bita nika yi."

"Abokan ɗakinka sun ce tun kafin asuba ka fita. Buɗe hannunka."

Ja'afaru ya buɗe. Tafukan sun yi jawur, har da bororo.

"Littafin hadisin ne ya yi maka haka? Lallai yana da nauyi."

Yaron ya sunkuyar da kai, sannan ya faɗi gaskiya. Wani tsoho ne ɗan garinsu ya zo umra, ƙafa ta ƙi, shi ne ya tura shi a keke ya yi ɗawafi da sa'ayi. Bai karɓi ko sisi ba, amma ya ji tsoron a ce yana sana'ar tura keke ba izini.

"Kai wawa ne," in ji Sufeto, yana murmushi. "Ka yi aikin lada ka rufe shi da ƙarya. Ina tsohon ya sauka?"

Tsohon kuwa ya tabbatar, har da nuna hoton da suka ɗauka a Marwa, rana ta fito. Amma Sufeto bai faɗa wa kowa ba. Ya ce wa kwamiti a yi taro yadda aka saba, kofi ko ba kofi.

Bayan la'asar filin Rusaifa ya cika. Aka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Ja'afaru yana can gefe, mutane sun ba shi tazara kamar mai ƙyanda. Hajja Shatu ta ɗauki muciya, ta yi bismilla, ta fasa asusun farko, ta fasa na biyu. Nasir ya ƙirga da ƙarfi.

"Awwal goma sha bakwai! Ja'afaru goma!"

Magoya bayan Awwal suka ɓarke da sowa. Sufeto kuwa ba su yake kallo ba, Hajja yake kallo. Ta ɗauki ƙwallo ɗaya, ta kai shi kusa da ido, ta juya shi, ta ajiye, ta ɗauki wani.

"Hajja, lafiya?"

"Wannan ba dabinona ba ne."

"Haba Hajja," in ji Nasir, yana dariya. "Dabino ai dabino ne."

"A wurinka, ɗan Makka." Ta kwance bakin mayafinta, ta fito da wani busasshen dabino, ta ɓare shi, ta ajiye ƙwallon kusa da sauran. Nata dogo ne siriri. Waɗanda ke kan ƙyalle gajeru ne masu ƙiba, na sukkari, irin wanda ake sayarwa a kowane kanti.

"Alhaji ya ce kofin 'yan gida ne, da dabinon gida za a zaɓa. Duk shekara alhazan Damagaram ke kawo mini na Bilma. Har dariya ake yi musu a filin jirgi, wai sun ɗauko dabino zuwa Makka."

Wani tsohon gwarzo ya ɗaga hannu. "Gaskiya ne! Jiya saura kaɗan haƙorina ya fita."

Aka yi dariya, sannan kowa ya gane abin da ake nufi. An sauya asusun duka biyu.

Sufeto ya juya ga taron. "Wa ke gina asusu a garin nan?"

"Mutum ɗaya ce," in ji Hajja. "Zali. Ga ta can tana sayar da zoɓo."

Aka kira Gwaggo Zali, mutuniyar Cadi, ta taho tana goge hannu da zane.

"Gwaggo, asusu nawa kika gina bana?"

"Huɗu."

"Da can fa?"

"Biyu, shekara da shekaru. Bana ne yaron nan Nasir ya ce in ƙara biyu, wai ko wani zai fashe a hanya. Na ce masa asusuna ba ya fashewa sai an doke shi. Ya ce ni dai in yi."

Sufeto ya tako a hankali har gaban Nasir.

"Kai ka shiga bayan labule jiya?"

"A'a, ni sunaye nake kira daga waje."

"Shi ya sa ba ka san irin dabinon Hajja ba. Ja'afaru kuwa da ka gani a lungu, a lokacin yana tsakanin Safa da Marwa yana tura tsoho. Ina da hoto. Ba ni makullin motarka."

"Yallaɓai, ai motar..."

"Yalla, Nasir. Jama'a na jira."

Askar biyu, 'yan sandan da ke tare da Sufeto, suka buɗe bayan motar. A cikin wani buhun shinkafa, an naɗe da tsohon bargo, ga kofin, ga asusu biyu da kakinsu ko ƙwarzane babu.

Nasir ya zauna a ƙasa da farar jallabiyarsa. Ya ce shi ne. Ya cika nasa asusun a gida, ya jira Hajja ta tafi Harami, ya karya kwaɗo ya musanya. Kofin kuwa ya ɗauke ne don a ce ɓarawo ne ya shiga, kada a kula da asusu. Da ya ga 'yan sanda, tsoro ya sa ya jefa sunan Ja'afaru.

"Babanmu ya ci kofin nan a 1987," ya ce. "Sunansa na jiki. Ya rasu Awwal na goye. So nake in ga sunan Awwal a ƙarƙashin nasa, shi ke nan."

Awwal ya matso, idonsa ya kaɗa. "Yaya, wa ya aike ka? Da na sha kaye ai gobe ma rana ce. Yanzu da wane ido zan kalli mutane?"

Aka kama hannun Nasir aka nufi mota da shi. Hajja ta bi shi da kallo, ta girgiza kai, ta ce Allah ya shirya. Sannan ta sake ɗaukar muciyarta.

"Sufeto, kai za ka ƙirga."

Ta doki na Awwal. Dogayen ƙwallaye suka zubo, Sufeto ya ƙirga bakwai. Ta doki na Ja'afaru, sai ga su sun warwatsu har suna gangarowa ƙasa. Sufeto ya fara ɗaya, biyu, uku, kafin ya kai goma duk filin ya ɗauka tare da shi, yara da manya, har da Gwaggo Zali da ludayinta a sama.

"Sha takwas! Sha tara! Ashirin!"

Kabbara ta tashi. Mata suka rangaɗa guɗa. Su waɗanda ɗazu suka ba Ja'afaru tazara, su ne yanzu ke rige-rigen ɗaga shi. Amma Awwal ya ture su, ya durƙusa, ya sa wuyansa, ya ɗauki abokin karawarsa da kansa har gaban tebur.

Hajja ta miƙa kofin. Ja'afaru ya karɓa da hannu biyu yana hawaye, ya dubi Sufeto daga can sama.

"Yallaɓai, to karatuna fa?"

Sufeto ya rufe littafinsa, ya soka shi a aljihu.

"Gobe Asabar ka yi bita ta gaskiya, Lahadi ka shiga aji. Sunanka a jikin kofi za a rubuta shi, ba a littafina ba."