Ƙofa da Hannun Malam

A durƙushe Ummulhairi ta same shi a bakin ƙofar wani ƙaramin asibitin kuɗi a Ikara, ranar da ta rako mahaifinta awon hawan jini. Lokacin ɗari ne. Ya ɗaga wani farantin ƙarfe daga daɓe, yana juya abu da sukundireba.

"Malam, ka tare hanya," in ji ta.

Ya ɗago kai. Bai matsa da wuri ba.

Sunansa Abdurra'uf, ɗan Maƙarfi, sana'arsa sa ƙofofi. Da mahaifinta ya shiga wurin likita, ta tsaya kallon aikin.

"Me ke jan ƙofar nan ta rufe kanta? Ban ga igiya ba, ban ga roba ba."

"A ƙasa aka binne abin. Akwai sifirin a ciki, shi ke jan ƙofa. Akwai mai kuma, shi ke riƙe ta kada ta yi gudu. Man ta wani ɗan rami yake bi. In na ɗaure sukurun nan, ramin ya matse, ƙofa ta tafi a hankali. In na sassauta, ta yi sauri. Sukuru na biyun nan na ƙarshen rufewa ne, inda take cin yatsa."

"Yanzu ɗaurewa kake ko sassautawa?"

"Sassautawa. Sanyi ya sa mai ya yi kauri, ƙofa tana jan ƙafa, iska na shigar wa marasa lafiya. In zafi ya zo man zai tsinke. Dole in dawo in ɗaure, in ba haka ba bugawa za ta riƙa yi."

"To Allah ya sa ka tuna."

"In za ki zo ranar, ba zan manta ba."

Ta ja mayafi, ta kau da kai. Amma da ya tambayi garinsu, ta faɗa.

Mahaifinta shi ne Malam Mika'ilu na Furana. Da hannu yake rubuta Alƙur'ani, da ka, kuma wanda ke gabansa ya kusa ƙarewa. Abdurra'uf ya bi ta ƙofar gida, ya turo kawunsa neman izini. Malam ya sa aka bincika asalinsa, ya yarda ya riƙa zuwa zance ranar Alhamis, a zaure, kafin la'asar. Mutum ɗaya ne abin bai yi wa daɗi ba: Suhaib, ɗalibin Malam, mai kai shi asibiti a babur. Ya daɗe yana son yarinyar, bai taɓa buɗe baki ba.

Ita "Mai Ƙofa" take ce wa Abdurra'uf. Shi kuma "Hairina".

Bazara ta shigo. Daga asibitin aka yi masa waya, ƙofa ta fara bugawa. Ya ce zai zo. Aka sake kira, ya ce Alhamis. Da safiyar Alhamis ya tura mata saƙo:

"Hairina, yau ki yi haƙuri. Ƙofar Ikara tana jirana, zafi ya tsinka man."

Ta amsa:

"Mai Ƙofa, ƙofa ba ta da ƙafa, tana nan inda ka bar ta. Ni kuwa sati guda nake jira. Na dama fura da nonon safe. In ba ka zo ba, na san matsayina."

Ya ajiye jakar kayan aiki, ya hau mota zuwa Furana.

Ranar Asabar Suhaib ya kai Malam awo. Da za su fita, Malam ya dafa bakin ƙofa da hannun dama don ya gyara takalmi. Ƙofar gilashi ce mai nauyi. Ta taho ba abin da ya riƙe ta.

Babban yatsa ya karye. Manuniya sai da aka yanke ta. Alƙalami bai sake zama a hannun ba.

Suhaib ya tambayi mutanen asibiti wa ya sa ƙofar, kuma sau nawa aka kira shi. Ya kawo labarin gida da zafinsa.

Abdurra'uf ya zo da kawunsa, suka zube a zaure. Malam yana kan buzu, hannu a naɗe a cikin riga.

"Ka san ƙofar za ta yi haka?"

"Na sani, Malam."

"An kira ka?"

"An kira ni."

"Wa ya hana ka zuwa?"

"Babu kowa. Sakacina ne."

"Tashi. Wanda ya san abu zai cuci mutane ya tafi hira, ba na ba shi riƙon 'yata."

Ummulhairi tana bayan labule, ta ji komai. Ta jira ya ambaci sunanta, bai ambata ba. Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Hairina, ki goge wancan saƙon naki na Alhamis. Ni na san halin mai, ke ba ki sani ba. Ki kula da Baba."

Ba ta goge ba, ba ta kuma amsa ba. Shi ya ɗauka ta tsane shi ne. Ya daina rubutowa.

Ita ke ba Malam abinci a baki, ita ke wanke ciwon. Kullum tana ganinsa yana janyo takardun Alƙur'anin da hagu, ya duba inda rubutu ya tsaya, ya mayar. Ta rame. Da ta ji dangin Suhaib sun fara zuwa gaisuwa, ta durƙusa gaban mahaifinta, ta miƙa masa waya.

"Baba, Ikara ya nufa ranar. Ni na juyo da shi."

Ta karanta masa saƙon nata, har da maganar fura. Ba ta tsallake kalma ba.

Malam ya dube ta, ya ce:

"Na tambaye shi a gaban kawunsa, ya ce babu kowa."

"Haka ya ce, Baba."

"Suhaib nake shirin ba ki."

"Abin da ka yanke shi zan bi. Amma kada ka yanke a kan rabin gaskiya."

Bayan sallar Juma'a Malam ya aika aka kira Abdurra'uf.

"Ƙofofin da ka sassauta da ɗari, ita kaɗai ce?"

"Akwai wasu, Malam. A Maƙarfi, da Kudan, da Ikara."

"Ka bi su?"

"Tun washegarin abin na fara. Har da waɗanda ba ni na sa ba. Na gama."

"Ka yi mini ƙarya ranar nan."

Abdurra'uf ya sunkuyar da kai.

"Ƙarya ba kyau. Amma na ga wadda ka rufa wa asiri. Ku biyu kuka yi abin nan. In na raba ku, kowa zai kai nauyinsa gidan wanda bai san hawa ba balle sauka. Gara ku ɗauka tare. Ka turo manyanka."

An ɗaura aure a ƙofar gidan Malam bayan shuka. Ba kiɗa, ba taron a zo a gani. Suhaib ya zo, ya shafa fatiha, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Da jama'a suka watse, Malam ya sa aka kira ango da amarya zaure. Tun da abin ya faru, baƙo bai ga hannunsa na dama ba. Ya zaro shi daga cikin riga, ya miƙa wa Abdurra'uf.

"Kama. Bai warke ba, kuma ba zai warke ba. Na yafe."

Abdurra'uf ya riƙe hannun da hannu biyu, hawaye na zuba. Ummulhairi ta kifa kai a gwiwar mahaifinta.

"Allah ya yi muku albarka," in ji Malam. "Ya ba ku zuri'a mai riƙe alƙalami. Ku tashi, mota na jira."