Tanti Mai Wurin Mutum Biyu

Ranar wata Alhamis da yamma, bayan ya rufe shagonsa na gyaran waya a unguwar Nasarawa ta Kaduna, Zakariyya'u ya hau kekensa ya nufi wajen masu gwanjo a Kakuri. Tanti yake nema. Shi kaɗai ya rage masa cikin kayan doguwar tafiyar da suke shiryawa shi da Baba Wilfred, daga Kaduna har Kagoro a kan keke.

Baba Wilfred tsohon ma'aikacin masaƙa ne, ya girme shi nesa ba kusa ba. A wajen hawan keke na safiyar Asabar suka saba, har ta kai iyalansu sun san juna. Shi ya koya wa Zakariyya'u yin faci da ɗaure sarƙar keke in ta tsinke a hanya.

Tun da aka sa ranar tafiya, Zakariyya'u ba shi da zance sai na nauyin kaya. Ya sayi ɗan sikeli mai ƙugiya, duk abin da zai shiga jaka sai ya rataya shi tukuna. Ya ajiye risho, ya ɗauki ƙaramin murhun gas da bai fi gwangwanin madara ba. Tukunya ɗaya ta alminiyam, ita ce kofi, ita ce kwano. Ya bar bargo ya ɗauki mayafi mara kauri, har mariƙin buroshin haƙorinsa sai da ya yanke rabi. Da ya ga Baba Wilfred ya ɗauro tamfol da tukunyar ƙarfe da matarsa Rhoda ta ba shi, sai ya ce a gaban abokan hawansu ai Baba ƙaura zai yi, ba tafiya ba. Aka yi dariya. Shi ma Baban ya yi.

A wata rumfa ta can ƙarshen layi ya ga tantin, naɗe cikin jaka ruwan toka. Ya rataya shi a sikelinsa, allurar da kyar ta motsa. Ya buɗe, ya ga ɗinki lafiya, zif lafiya, ga raga a ƙofa saboda sauro. Ƙamshin kafur kawai yake yi, da ɗan warin ƙasa mai damshi. Mai rumfar bai taɓa jakar da hannunsa ba, da sanda ya turo ta. Bai kuma ja ciniki ba. Ya ce a cikin dilar kaya ya same shi, na mutum biyu ne, kuma shawararsa a riƙa kafa shi tun rana ba ta faɗi ba, kada magariba ta riske shi a naɗe a kan hanya. Zakariyya'u ya ɗauka zancen raɓa yake yi. Ya rataya jakar a yatsa ɗaya ya tafi yana murna.

Asabar suka sa don gwajin kaya. Za su kwana a gonar wani ɗan'uwan Baba Wilfred da ke bayan Mahuta, su ga abin da ya yi amfani da wanda bai yi ba. An yi za a tashi da la'asar, amma Zakariyya'u ya tsaya sake awo, yana cire wannan yana mayar da wancan. Sun wuce kwanar Romi rana ta yi ja. Lokacin da kwalta ta ƙare suka shiga 'yar hanyar gona, hasken da ya rage kaɗan ne.

Damina ce. Masara ta fi tsayin mutum ta kowane gefe. Kwaɗi sun fara kuka a fadama, iska na kawo hayaƙin girki daga gidajen ƙarshe na Mahuta. Can baya aka fara kiran sallar magariba. Zakariyya'u ya ce a ransa zai yi in sun isa gona.

A nan keken ya fara yi masa nauyi.

Da farko ya zaci laka ce. Ya duba, hanya a bushe take. Ya miƙe tsaye a kan feda yana dannawa, gumi ya keto masa. Tayar baya ta lotse kamar an ɗora buhun siminti a kariya. Ƙamshin kafur ya ƙaru har yana jin ɗacinsa a maƙogwaro.

Sai kwaɗin suka yi shiru, dukkansu a tare.

A cikin shirun ya ji zif yana buɗewa a bayansa, a hankali, haƙori bayan haƙori. Wani numfashi mai sanyi ya sauka a ƙeyarsa. Ya fita. Ya sake sauka.

Ya ja birki ya sauka. Jakar tana nan ɗaure yadda ya ɗaure ta, sai dai bakinta ya buɗe kamar faɗin tafin hannu. Ya ɗora hannu a kai. Wani abu ya motsa a ciki, ya lafe.

Baba Wilfred ya juyo ya tambaye shi ko lafiya.

A wannan lokacin Zakariyya'u ya san abin da yake yi, kuma daga baya bai taɓa iya yaudarar kansa cewa ruɗewa ce ba. Ya ce tayarsa ta baya ce ta yi sanyi, ko Baba zai taimaka ya riƙe masa tantin, ai ba shi da nauyi. Dattijon ya yi murmushi ya ce ashe masu ƙaura ma suna da rana. Zakariyya'u da hannunsa ya ɗaure jakar a kan tamfol ɗin Baba, ya ja robar ya ƙulle sosai.

Baba Wilfred ya wuce gaba. Zakariyya'u ya biyo shi, kekensa sakayau.

Ba su yi nisa ba ya ga jakar tana kumbura. Ta tashi zaune. Yadin ruwan toka ya zubo ta gefe biyu, ya zama ƙafafu dogaye, suna jan ƙasa suna barin layi a hanya. Wasu hannaye sirara kamar sandunan tanti suka zagayo cikin dattijon suka haɗe.

Keken Baba ya fara tangaɗi. Yana haki.

"Zakari," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, bai waiwayo ba. "Duba mini. Akwai wani abu a bayana?"

Zakariyya'u ya kalli abin da ya rungume dattijon.

"Babu komai, Baba."

Abin ya juyo da kansa. Ba fuska, raga ce irin ta ƙofar tantin, da wani duhu yana numfashi a bayanta.

Zakariyya'u ya juya kan kekensa ya taka.

Ya ji faɗuwar ƙarfe. Ya ji tukunya ta gangara tana ƙara. Ya ji an kira sunansa, ba da ihu ba, kamar yadda ake kiran yaro ya miƙo ruwa. Bai tsaya ba. Keken da ya ɓata makonni yana rage masa nauyi ya yi gudun da bai taɓa yi ba.

Sai da ya ga fitilar wani mai shayi a bakin kwalta ya tsaya. Mutane sun idar da salla suna zaune a benci. Aka ba shi ruwa, ya sha. Aka tambaye shi abin da ya koro shi, ya kasa ɗaga kai. Da ya buɗe baki, abin da ya iya cewa shi ne abokinsa ya faɗi a hanyar gona.

Wani mai babur ya ɗauke shi. Da suka kusa wurin, mutumin ya taka birki, ya ce shi daga nan ba zai ƙara ko taku ba. Ya dai haska fitila.

Tantin yana tsaye a tsakiyar hanya. An kafa shi tsaf, igiyoyi a miƙe, ko lanƙwasa babu. Baba Wilfred yana kwance rigingine a ƙofarsa, daga ƙugu zuwa ƙasa yana ciki. Idanunsa a buɗe. Yatsunsa sun tona ƙasa. Suna kallo ya ƙara shigewa kaɗan.

Zakariyya'u ya matsa wurinsa da rarrafe. Ya sa hannu a hammatar dattijon. Ya fara Ayatul Kursiyyu, ta kakare, ya sake farawa.

Daga ciki wata murya ta yi raɗa, a natse, kamar mai masaukin baƙi.

"Wurin mutum ɗaya ya rage. Kai ka zaɓa. Wa zai kwana?"

Ya runtse ido ya ja.

Aka ja daga ciki.

Ya kafa dugadugansa a ƙasa, ya ja har wani abu ya yi ƙara a kafaɗarsa. Baba Wilfred yana kiran sunan Yesu a hankali, shi yana karatu, muryoyinsu suka cakuɗe. Sanyi ya hau hannayensa har gwiwar hannu.

Sai aka saki.

Suka zube tare a cikin masara. Zif ya rufe kansa, daga ƙasa har sama. Kwaɗi suka ci gaba da kuka.

Washegari da mutanen gonar suka je ɗauko keken Baba, ba tanti a wurin. Ramukan turaku kawai suka gani.

Baba Wilfred ya yi jinya, ya tashi, amma ƙafarsa ta hagu ba ta koma daidai ba. Kullum a sanyaye take, da sanda yake tafiya. Likita ya ce jijiya ce. Ba a sake zancen Kagoro ba. Zakariyya'u ya daina fita hawan Asabar, in ya hango abokan a hanya sai ya shige shago. Yakan je gaida Baba, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ce sauri yake yi.

Da aka yi addu'ar godiya a gidan, Rhoda ta aika musamman a kira shi, ta ce in bai zo ba ita za ta zo. Tsakar gida cike da dangi da mutanen cocinsu. Ta sa aka dafa masa nasa daban, da naman da ta saya a wurin mahaucin unguwarsu. Ta kama hannun rigarsa ta tsayar da shi a gaban jama'a, ta ce wannan ne ɗan da Allah ya ba su, wanda ya shiga duhu ya ciro mata miji. Aka yi ta tafi. Wata tsohuwa ta dafa kansa tana sa masa albarka.

Ya zauna kusa da Baba Wilfred da kwano a cinya, ya kasa kai loma. Tun wancan daren ba su taɓa haɗa ido ba. Dattijon ya gyara zaman ƙafarsa da hannu biyu, ya matso, ya yi magana yadda ba wanda zai ji sai shi.

"Na ga hannunka yana rawa lokacin da kake ɗaure mini jakar nan."

Zakariyya'u ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya buɗe baki, Baba ya girgiza kai.

"Ci abincinka, Zakari. Ai ka dawo."

Ya ɗebi shinkafar ya kai baki. Rhoda na kallonsa daga ƙofar kicin tana murmushi, don haka ya tauna, ya haɗiye, ya sake ɗiba.